Daddawa a Adakar Ya Fanta

Wasila ta fita takaba ana gab da saukar ruwan farko, a shekarar da Faransawa suka ce za su miƙa ƙasa su tafi. Mijinta Malam Sallau baduku ne a Birni. Ya rasu bai bar mata ɗa ba, sai ɗaki guda da rumfa da ƴan kayan aikin fata. Dangin miji ba su kore ta ba. Sun ce ta zauna in tana so, sai dai kowa yana da bakunan da yake ciyarwa.

Yayanta Suma'ila ya zo daga ƙauyensu Dogo ya same ta a rumfa. Manomi ne mai sanyin hali, ba ya son magana ta yi tsawo.

"Haɗa kayanki mu tafi gida," in ji shi. "Akwai ɗaki, akwai hatsi. Nan wa zai ci da ke?"

"Yaya, a Birni na yi ƙuruciyata, a nan na fara furfura. In na koma Dogo baƙuwa zan zama a gidanmu."

"Ban ƙi ta taki ba. Amma ba zan yarda a ce ƙanwata tana zaune tana jiran kwanon maƙwabta ba. Zan koma in yi shuka. In gero ya kai gwiwa zan dawo. In na iske kina da sana'ar da za ta riƙe ki, shi ke nan. In ban iske ba, babu sauran gardama."

Ta ce ta yarda, domin ta san gaskiya ya faɗa.

Bayan ya tafi ta zauna tana duba sana'o'in mata ɗaya bayan ɗaya. Fura, akwai masu damawa a lungunsu tun kafin a kawo ta. Ƙuli-ƙuli yana son jari da ƙarfin hannu. Dillanci kuwa, kowane gida a Birni yana da dillaliyarsa da ya saba da ita, ba ya buɗe wa sabuwa ƙofa. Tana cikin wannan tunani sai Ba Kyari ya aiko kiranta. Shi Babarbare ne mai butik, wato kanti, a unguwar Zango, aminin marigayi, wanda ya daɗe yana sayen jakunkunan fata a hannunsa.

Ya nuna mata wani tulin kaya a bayan butik. Kwanukan roba ne da kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo daga Kano, wasu farare, wasu shuɗi-shuɗi, manya da ƙanana, kowanne da murfinsa. In ka danna murfin sai ya kama baki ya riƙe gam.

"Sun gaji da zama a nan," in ji Ba Kyari. "Maza ne ke zuwa butik. Namiji ya ɗauka ya juya ya ajiye, bai san me za a yi da shi ba. Matan da suka san girki kuwa suna cikin gida, ba sa fitowa. Ki je wajen Fanta. Duk Alhamis mata na taruwa a gidana don kitso da lalle, mazajensu sun saba barinsu. Ki shimfiɗa kayan a gabansu. Abin da ya fita, kina da rabonki."

Ya Fanta, matar Ba Kyari, duk Birni an san ta da abu biyu: turaren wuta da hanci. Ana cewa in mace ta shigo gidanta, tana iya faɗa mata miyar da ta kaɗa jiya. Ta karɓi Wasila da fara'a, ta ce mata wushe irin gaisuwar Barebari, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

Mata suka kewaye kayan. Inna Kolo, tsohuwar da ke yi musu kitso, ita ta fara ɗaukar ɗaya. Ta ɗaga shi kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da farce, kamar yadda kowace mace ke yi in za ta sayi kwano, don ta ji ko lafiyayye ne.

"Wannan ba ya amsawa," in ji ta. "Kurma ne."

"Ba fure, ba jan baki," in ji wata. "In aka jera wannan a ɗakin amarya sai a ce uwarta fushi take da ita."

Aka yi dariya. Wasila ta yi ta nuna musu murfin, tana buɗewa tana rufewa, amma ba wadda ta kula. Daga ƙarshe Indo, matar wani mahauci, mace mai murya da son gwada sabon abu, ta ɗauki guda ta tafi da shi gida, ta ce rashin nauyinsa ya burge ta.

Washegari da safe Indo ta yi abin da take yi kullum. Sauran miyar kuka ta kwana a cikin sabon kwano, sai ta ɗora shi a kan garwashi don ɗumame, ta juya ta kama shara. Da Alhamis ta zagayo ta shigo gidan Ya Fanta da abin da ya rage a soke a bakin kara, baƙi, a murɗe, ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ga kwanonki, Wasila. Yana ganin wuta ya durƙusa. Miya ta tafi, maigida ya fita da ruwan sanyi a cikinsa. Da kitse aka yi su ne?"

Ranar har lallen wasu ya goge saboda dariya. Kafin la'asar labari ya zaga lungunan Birni, aka sa mata suna Wasila mai kwanon kitse. Ta ɗaure kayanta a zane ta koma gida.

Damina ta kankama. Kunya ta hana ta mai da kayan butik, suka zauna a kusurwar ɗaki. Da yake suna nan ba aiki, sai ta riƙa zuba ƴan abubuwanta a ciki: gishiri a wannan, yaji a wancan, ƴar daddawa a wani ƙarami. Aka yi kwanaki ana ruwa ba rana. Bangon ɗaki ya yi sanyi, komai ya yi laushi. Wata safiya ta ɗaga faifan ƙwaryar da ta bar sauran gishiri a ciki, ta iske ya jiƙe ya zama kamar taɓo. Ta buɗe na cikin roba, ta karkata shi a tafin hannu, ya zubo warwar kamar yashi. Ta duba yaji, shi ma bai dunƙule ba. Sai a lokacin ta lura ɗakin ya daina warin daddawa tun ranar da ta rufe ta.

Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Ashe abin ba na girki ba ne, ba kuma na jere ba. Na ajiya ne. Ita da matan duk sun auna shi da ma'aunin kwano, shi ya sa ya faɗi. To amma wa zai saurare ta yanzu? Macen da aka yi wa dariya a tsakar gida, ko me ta zo da shi a baki, dariya za a ƙara. Sai an sami abin da za su gani da idonsu, su kasa musu.

Ta rufe ƙaramin kwanon nan da kyau, ta wanke bayansa da toka da ruwa, ta shanya ya bushe, ta nufi gidan Ya Fanta a ranar da ba ta taro ba. Ta iske ta a ɗaki tana turara tufafi a kan kasko.

"Ya Fanta, ga wani abu. Me ke ciki?"

Ya Fanta ta karɓa, ta kai hanci, ta bi bakin murfin a hankali, ta juya shi ta sake bi.

"Ba komai. Warin roba kaɗai."

"Daddawa ce. Ta kalwa, sabuwa."

Saura kaɗan ya faɗi daga hannun Ya Fanta. Ta miƙe ta fita da shi har bakin rariya, ta ɗaga gefen murfin kaɗan, ta mai da shi da sauri. Ta dawo tana kallon kwanon kamar ya yi mata rashin kunya.

"Tun da nake, ba a taɓa shigo min da daddawa ɗaki ban ji ba," in ji ta. "To me kike so?"

"So nake ki bari a sa shi a cikin adakarki, a gaban mata, a kulle."

Wanda bai zauna da Barebari ba ba zai gane girman wannan roƙo ba. Adakar tufafin mace wuri ne da ba abin da ya fito daga madafi da ke kusantarsa. Ana turara zane sau da yawa, a ninke, a rufe, ƙamshi ya kama shi har cikin zare. Ita kanta Ya Fanta in ta fito daga girki sai ta yi wanka kafin ta taɓa murfin adakar. A ciki kuma akwai sabuwar lafaya, doguwar suturar da matansu ke naɗawa, wadda ta tanada don ranar bikin ƴancin kai.

"Wasila, ke lafiyarki ƙalau?"

"Lafiyata ƙalau. Duk Birni an san hancinki, an san adakarki. In kika ce babu wari, ba macen da za ta ce akwai."

"In kuma akwai fa? Da me zan fita ranar biki?"

Sai Wasila ta gaya mata zancen Suma'ila da sharaɗin da suka yi, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Ya Fanta ta juya garwashin kasko da tsinke.

"Geron ya kai ina yanzu?"

"An ce ya wuce idon sawu."

"Hm." Ta sake ɗaukar kwanon ta shinshina, wannan karon har da rufe ido. "Kawo shi ran Alhamis. Amma ki ji da kyau. In lafayata ta ɗauki wari, ba Dogo ba, ko Gidimuni kika gudu sai na biyo ki."

Ranar Alhamis aka fito da adaka tsakar ɗaki. Wasila ta buɗe kwano a waje kowa ta ga daddawa, ta rufe, ta goge. Ya Fanta da hannunta ta ɗaga lafaya ta tura shi ƙarƙashi, fuskarta kamar mai shan magani. Aka kulle, aka ba Inna Kolo makulli ta ɗaure a bakin zanenta. Aka yanke ba za a buɗe ba sai jajibirin biki, ranar da kowa za ta zo kitso.

"Ya Fanta, Allah ya ba ki haƙuri," in ji Indo. "Ranar biki kowa na bin makaɗa, ke kuma ƙudaje na bin ki."

"Ke dai ki kula da garwashinki," in ji Ya Fanta.

Kwanakin jiran nan ba su yi wa Wasila daɗi ba. Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe da zafi irin na tsakiyar damina. Akwai wani kwanon daddawa da ta ajiye a rumfarta, sai ta ga murfinsa ya kumbura ya yi tozo. Ta taɓa gefensa, iska ta fito da wari. Ba ta taɓa tunanin daddawa na numfashi a cikin zafi ba. In na cikin adaka ya yi haka fa, murfin ya ɗage da kansa? Ta yi niyyar zuwa wajen Inna Kolo ta roƙi makulli, ta sa mayafi har ta kai ƙofa, sai ta tsaya. In aka buɗe kafin rana, ko ba wari, magana ta lalace. Ta tuɓe mayafi ta koma. Abin da kawai ta iya shi ne ta roƙi Ya Fanta a ja adakar daga jikin bangon da rana ke duka, ba ta faɗi dalili ba, Ya Fanta kuma ba ta tambaya ba.

Jajibiri ya zo. Gari ya cika da baƙi daga ƙauyuka, ana share hanyoyi, ƴan lakwal, yaran makarantar boko, suna ta koyon waƙar da za su yi gobe. A safiyar nan Suma'ila ya iso. Bai iske ta a gida ba, aka kwatanta masa gidan Ba Kyari, ya je suka zauna a zaure da maigidan.

Ciki kuwa ba a taɓa ganin taro irin na ranar ba. Matan da rabonsu da gidan an daɗe, duk sun nemi izinin zuwa kitso, har da waɗanda kitsonsu sabo ne. Ɗaki ya cika, wasu na leƙe ta ƙofa. Wasila ta tsaya a gefe.

Inna Kolo ta kwance makulli ba gaggawa, ta yi bisimilla ta buɗe. Ƙamshin turare ya tashi ya cika ɗaki. Ya Fanta ta ɗauko lafaya, ta warware ta, ta nemo daidai wurin da ya kwanta a kan kwanon, ta sa fuskarta a ciki. Ta daɗe haka. Ba a jin komai sai kukan wani jariri a baya. Ta ɗago, ta miƙa wa Inna Kolo. Tsohuwa ta shinshina ta miƙa wa ta kusa da ita. Lafaya ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

"Ku ba ni nan," in ji Indo. "Ni a gidan mahauta nake, ba warin da ban sani ba."

Ta shinshina sama, ta shinshina ƙasa, ta juya baki.

"To ai sai in an cire daddawar."

"Makulli a jikina yake kwana," in ji Inna Kolo. "Ko ni kike nufi?"

Wasila ta sa hannu a adaka ta ɗauko kwanon. Murfin ya ɗan taso a tsakiya, amma bakin yana riƙe yadda ta bar shi. Ta miƙa wa Indo.

"Buɗe da hannunki."

"Ba a ɗakina ba," in ji Ya Fanta. "Waje. Can bakin rariya."

Mata suka bi Indo tsakar gida, suna tura juna don su gani. Ta sa babban yatsa ta ɓalle murfin. Daddawar da ta yi kwanaki a rufe cikin zafi ta fito gaba ɗaya. Na gaba suka ja da baya suka taka na baya, kowa ta kai gefen mayafi hanci. Indo ta miƙa hannu nesa da jikinta, ido na hawaye, ta rasa inda za ta ajiye. Daga zaure aka ji tari, sannan muryar Ba Kyari.

"Lafiya dai a ciki?"

"Lafiya lau," in ji Ya Fanta. "Indo ce ke turare."

Dariyar ranar ta fi ta farko, sai dai wannan karon Wasila na cikin masu yi.

Da aka natsu, ta shimfiɗa tabarma ta jera kayanta. Yanzu kowa ta yi shiru tana sauraro. Ta zuba gishirin cikin roba a faifai suka ga yadda yake gudu. Ta ba su yaji suka murza a yatsa. Ta cika ɗaya da nono, ta rufe, ta kife shi a kan cinyarta, ko ɗigo bai fito ba. Ta nuna musu yadda ake danna murfi daga tsakiya a bi baki har a ji ya kama, ta sa kowace ta gwada da hannunta, wadda ta kasa ta sake nuna mata.

"Abu ɗaya ne ba ya so," in ji ta. "Indo, gaya musu."

"Wuta," in ji Indo, tana goge ido. "Ko labarinta kada ku yi a gabansa. Ajiye min manya biyu, na kitse da na yaji."

Wata ta ce tana son na man shanu. Wata ta ce tururuwa sun hana ta ajiye sukari. Inna Kolo, wadda ta ce kurma ne, ta zaɓi babba saboda yajin jego na ƴarta da ke gab da haihuwa, ta ƙwanƙwasa shi da farce don sabo, sannan ta tura shi ƙarƙashin cinyarta. Kafin azahar tabarma ta koma wayam, sai guda ɗaya mai faɗi da Ya Fanta ta ɗora wa hannu tun farko.

"Wannan nawa ne, kuma kyauta," in ji ta. "Wadda ta share gida ta tara mata, ba ta tashi haka nan."

"In haka ne, taro na gaba a gidana," in ji Indo. "Matan mahauta ba sa zuwa nan, kuma sun fi ku cin kitse."

Wata matar tela ta ce bayan na Indo sai nata a Zango. Inna Kolo ta ce ranar sunan jikanta a zo da kaya, domin dangi za su zo daga Gidimuni. Wasila tana amsawa tana maimaita sunayen gidajen a ranta don kada ta manta.

Sai da mata suka koma kan kitso ta gyara mayafi ta fita zaure. Ta durƙusa ta gai da yayanta, ta tambayi mutanen gida da gona.

"Gero ya kai gwiwa," in ji Suma'ila.

"Na sani, Yaya."

"Ba Kyari ya ce kayan da suka gagare shi a butik, kin gama da su kafin azahar. Ya ce zai aika Kano a ƙaro."

"Haka ne," in ji Ba Kyari. "Kuma na ji ana rabon ranaku a ciki."

Suma'ila ya dube ta. "To yaushe za ki zo Dogo, ko gaisuwa?"

Ta fara lissafa masa: gidan Indo, sai Zango, sai suna a gidan ƴar Inna Kolo, sai wani gida kusa da ƙofar gari da aka ce a tuna da su. Ya ɗaga hannu ya tsai da ita, yana murmushi.

"Ya isa. Sai bayan kaka ke nan. Ki zauna a ɗakinki, Allah ya sa albarka. In kin zo ki taho da na gishiri, matan gida suna ta kuka da shi."

Washegari tun da hantsi ganguna suka tashi, kamiyoyi na ta busa ƙaho a hanyar Zango. Wasila tana rumfarta tana wanke ƙaramin kwanon jiya. Ta goge shi da toka, ta ɗauraye, ta shinshina. Ta sa lemun tsami, ta sake ɗaurayewa. Warin daddawa yana nan, ya kama robar daga ciki ya ƙi fita. Ta yi dariya ita kaɗai. Wannan ma abu ne da za ta gaya musu a gidan Indo, kowane kwano a bar shi da abin da aka fara zuba masa. Ta kife shi a kan danga, ta wanke hannu da sabulu sosai, domin Ya Fanta ta ce ta biyo su tafi kallo tare, kuma ta san sai an shinshina ta a ƙofa.